Dattijo Tun-Azal da Wuƙar Ubansa

Idan ana lissafin manyan mutanen da ƙasar Faskari ta yi sa'ar samu a shekarun da kuɗin man fetur ya cika gari, wajibi ne a fara da Malam Tanimu na Unguwar Mani. In an yi mantuwa ba a fara da shi ba, babu komai, shi da kansa zai tashi ya gyara lissafin. Malamin gona ne na gwamnati, dattijo ne a ikilisiya, kuma a faɗarsa shi ne ginshiƙin da ya hana rufin duniya ruftowa a kan duk mai rai daga Yankara har Sabuwa. Mutanen wajen ba su san rufin yana girgiɗi ba, amma wannan ba laifinsa ba ne.

Allah ya yi masa baiwar tsawo da tumbi da murya. Yana da wata kwat mai ruwan toka wadda ba ya rabuwa da ita ko a tsakiyar bazara, domin a ganinsa gumi ƙaramin abu ne in aka kwatanta da zubewar mutunci. Ilimi kuwa ba a magana. Ya taɓa yin 'yan watanni a wata makarantar koyon wa'azi can kudu, ya dawo da tabarau, da wani irin tari da yake yi kafin ya faɗi muhimmiyar magana, da wani littafin Turanci wanda gara ta cinye bangonsa da farkonsa. Ba wanda ya san sunan littafin, har shi mai shi. Amma daga abin da gara ta rage ne ya haƙo ra'ayin da ya riƙe har ya zame masa suna.

Ra'ayin ba shi da wuyar haddacewa, don kuwa yakan maimaita shi a wajen suna, ya maimaita a wajen makoki. Tun ranar da mutum na farko ya saɓa wa Mahaliccinsa, in ji shi, zuciyar ɗan'adam ta karkace. Karkatacciyar zuciya kuwa ba ta iya ƙirƙiro miƙaƙƙen abu. Saboda haka duk sabon abu abin tuhuma ne, tsoho kuwa an riga an gwada shi an ga ƙarkonsa. Allah ne ya ɗora na sama a sama, ya ajiye na ƙasa a ƙasa, wanda ya nemi sauya wurin zama da Allah yake jayayya. Matattu ma suna da ta cewa a sha'anin rayayyu, domin duniya amana ce da iyaye suka miƙo mana mu miƙa wa 'ya'ya ba tare da mun taɓa ko gefenta ba. Sai ya yi tarin nan nasa, ya rufe da cewa, "Haka abin yake tun azal."

Da mutane suka gaji da ji sai suka sa masa Dattijo Tun-Azal. Ranar da sunan ya kai kunnensa ya yi murmushi, ya ce wa matarsa Lidiya ashe dai jama'a sun fara sanin darajar mutane.

Masu hassada ba su rasa abin tsegumi ba. Suka ce mutumin da ke tsine wa zamani safe da yamma, aikin da yake cin abinci da shi raba wa manoma takin zamani ne. Dattijo bai kula su ba. Shi dai bakinsa bai taɓa furta wannan suna ba, takin hukuma yake cewa. Da kuɗin Udoji ya sauka, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, ya sayi jan babur, ya kware ciyawar ɗakinsa ya sa kwano, ya sayo rediyo mai fatar rataya. Da aka yi masa maganar babur sai ya bayyana cewa babur ba sabon abu ba ne, jaki ne da hukuma ta amince a yi masa gyara.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin abu da ba a cika faɗa a gabansa ba. Azal ɗin ikilisiyar Unguwar Mani bai yi nisa sosai ba. Mangwaron da aka dasa ranar da aka buɗe majami'ar bai daɗe da fara 'ya'ya ba. Shi kansa Dattijo da gemunsa aka tsoma shi a rafi aka yi masa baftisma. Gidansu gidan Maguzawa ne tun kaka da kakanni. Mahaifinsa, marigayi Ɗanasabe, shi ne mai riƙe da wuƙar tsafin zuriyar, shi ke yanka a gindin jigo, wato itacen nan da aka kafa a tsakar babban gida, kafin a yi shuka da bayan an yi girbi. Da ya rasu, ƙanensa Baba Gide ya karɓi wuƙar, saboda babban ɗa ya tafi bin sabuwar hanya. Dattijo yakan tsallake wannan babi in yana ba da tarihinsa, kamar yadda gara ta tsallake da farkon littafinsa.

Yaƙinsa na farko da zamani a cikin majami'a ya yi shi. Rakiya, shugabar zumuntar mata, ta zo gaban dattawa da roƙo. Matan sun tsara waƙoƙin yabo da muryar da suka saba daka da niƙa da ita, suna so a bar su su shigo da tulun kiɗa da caki ranar Lahadi. Fasto Ɗanliti, mutum mai sanyin hali wanda ba ya son hayaniya, har ya fara gyaɗa kai. Sai aka ji tari.

"Ba haka muka gada ba," in ji Dattijo. Ya miƙe, ya soka babban yatsa a aljihun kwat. "Waƙoƙin da iyayenmu cikin bangaskiya suka bar mana sun ishe mu. Yau tulu, gobe kalangu, jibi kuma mace ta hau bagade ta yi mana wa'azi. Ƙofar da shaiɗan ke shigowa ba ta da faɗi, 'yan'uwa. Bakin tulu ma ya ishe shi."

Rakiya ta ce, "Dattijo, waƙoƙin nan da kake faɗa, ai ina budurwa wata Baturiyar mishan ta koya mana su a gindin tsamiya. Tulun kuwa kakata na tarar da shi."

"Tsufan tulu daban, tsufan gaskiya daban," in ji shi. Ba wanda ya gane, don haka ba wanda ya iya musu. Aka hana tulu.

Bayan taron Fasto ya ja shi gefe, ya tambaye shi cikin ladabi. Ya ce shi ma ya yarda zuciyar mutum karkatacciya ce, haka aka koya musu, kuma ba mai miƙe ta sai alherin Allah. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, in ta kowa ta karkace, ta masu mulki fa, da ta dattawan ikilisiya? Dattijo ya dube shi ta saman tabarau da tausayi. Ya ce karkata ai hawa-hawa ce. Ta talaka ta fi yawa saboda yawan sunkuyo. Wanda Allah ya ɗaga kuwa, kujerar da kanta tana taimaka masa ya miƙe. Fasto ya ce zai yi addu'a a kan maganar.

Tunda yana ƙaunar masu mulki haka, ya ga ya kamata su ma su san da shi. Wata rana ya sa Lidiya ta goge kwat, ya hau babur ya nufi Kankara don ya gaida wani babban jami'i da aka turo, ya kuma ba shi shawara kan yadda ake riƙe talakawa. Ya zauna a benci a bakin ofis tun hantsi. Masinja ya tambayi sunansa, ya shiga, ya fito, ya sake tambaya. Rana ta take, ta karkata. Can babban ya fito zai shiga mota, ya ga mutum cikin kwat ya zube yana gaisuwa da Turanci. Ya ce, "Kai ne na wajen taki? Ka ce musu a kai buhu goma gonata." Mota ta tashi ta bar shi da hayaƙi. Da ya dawo gida ya shaida wa dattawa cewa sun tattauna da babban kan harkar noma da makomar ƙasa, har an ɗora masa wani nauyi na musamman wanda ba zai iya bayyanawa ba tukuna.

Ana nan sai gwamnatin soja ta ba da sanarwa cewa za a yi wa ƙananan hukumomi garambawul, kowane yanki zai zaɓi kansila. Ranar Lahadin da ta biyo baya Dattijo ya nemi a ba shi bagade. Ya yi wa ƙuri'a kaca-kaca. Ya ce in zuciya ɗaya karkatacciya ce, to tara dubu wuri guda ba ya haifar da komai sai karkata dubu. Ya ce ba a taɓa jin tumaki sun zaɓi makiyayi ba. Jama'a suka ce amin, suka tafi cin tuwo.

Cikin makon ne ya ji cewa kansila yana da kujera a majalisa, yana da alawus, kuma in ya shigo taro ana miƙewa. Ya kwana biyu yana nazarin littafinsa. Lahadi ta gaba ya sake hawa bagade, ya ce Allah ya ƙara masa haske. Tunda hukuma ce ta ce a yi zaɓe, hukuma kuwa daga Allah take, to ƙin zaɓe tawaye ne. Kuma tunda dole a zaɓi wani, gara a zaɓi wanda ya san haɗarin zaɓe. Ya yi tari. Ya ce shi bai so ba, amma ba zai guje wa nauyi ba.

Abokin takararsa wani matashin malamin makaranta ne Musulmi mai suna Hadi, wanda ba shi da ra'ayin komai game da faɗuwar mutum na farko. Abin da kawai yake faɗa shi ne rijiya da gada a kan rafin da ke cin jakuna duk damina. Dattijo ya raina shi, amma ya iya lissafi. Masu bi a yankin ba su cika majami'a biyu ba. Musulmi za su bi nasu. Waɗanda za su raba gardama su ne Maguzawan da ke warwatse a gidajen gona, danginsa ke nan, waɗanda ya saba wuce su a babur yana ɗaga musu yatsa biyu.

Saboda haka ranar kasuwar Yankara ya sa aka jawo masa teburin mai shayi kusa da inda tsofaffin Maguzawa ke zama bayan sun sayar da hatsi. Ya hau. Teburin ya yi ƙara amma ya jure.

"Jama'a!" in ji shi. "Iyayena! Ana ce muku rijiya, ana ce muku gada. Ni ba rijiya na kawo muku ba, tushe na kawo muku. Dubi yaran yanzu. Sun bar gona sun tafi Kaduna ɗaukar bulo. Sun bar tuwo sun koma burodi. Ɗa ya dubi abin da ubansa ya yi shekara da shekaru yana yi, ya ce shi ya fi wayo! Wa ya ba shi wannan iko? Ina gaya muku, waɗanda ke kwance a ƙasa ba su tafi ba. Suna kallonmu. Suna da haƙƙi a kanmu. Abin da uba ya bari, babban ɗa ne zai ɗauka, ko yana so ko ba ya so, domin ba shi ya zaɓi a haife shi fari ba. Wanda ya yar da gadon gidansu ɓarawo ne, ya saci na matattu, ya saci na waɗanda ba a haifa ba. Haka abin yake tun azal!"

Kasuwa ta ɗauki tafi. Bai taɓa jin tafi irin wannan ba, har ya ji ƙwalla ta taru masa saboda daɗin maganarsa. Bai lura ba cewa akwai wani a gindin bedi da ƙwalla ta taru masa shi ma. Baba Gide ne, ya kafa hannu a bayan kunne don kada kalma ɗaya ta wuce shi.

Baba Gide ya tsufa. Hannunsa ya fara rawa, har a yankan bara sai da wuƙa ta kuɓuce masa. 'Ya'yansa biyu sun musulunta, ɗaya yana Kaduna ba a jin ɗuriyarsa. Ya daɗe yana kwana da tunanin ranar da zai mutu jigo ya zama itacen ɗaure akuya. Yau ga ɗan wansa, mai haƙƙin abin na asali, ya hau tebur a gaban duniya ya faɗi abin da shi ya kasa faɗa. Tsohon ya koma gida da ƙafa bai ji gajiya ba. Ya aika aka kira dattawan zuriya.

Ran Lahadi aka tashi daga sujada. Dattijo ya fito bakin majami'a ya tsaya inda ya saba tsayawa don jama'a su sami damar gaishe shi. Sai aka ji kiɗa daga hanyar rafi. Aka ga ayari. Maza da mata, tsofaffi a gaba, makaɗa a baya, wani yana jan baƙin bunsuru, wata ta rungumo jan zakara, wasu mata ɗauke da tulunan giya a ka. Dattijo ya gyara kwat. Ya ce wa Fasto, "Ka gani ko? Mutanena ne. Sun zo mubaya'a."

Mubaya'a kuwa suka zo. Baba Gide ya tsaya a gabansa, ya sa aka yi shiru. Ya kwance wani ƙunshin fata. Ga tsohuwar wuƙa mai baƙin kube, ga warki.

"Ɗana Tanimu," in ji tsohon. "Ran kasuwa na ji ka da kunnena. Da na zaci ka ɓace muna, ashe kana nan. Ka ce abin da uba ya bari babban ɗa shi ke ɗauka, ko shina so ko ba shi so. Ka ce na ƙasa suna kallo. Gaskiya ka hwaɗi. Wagga wuƙa ta ubanka ce, riƙo nike yi maka. Hannuna ya mutu. Ga ta. Ga bunsuru, ga zakara. Mu tahi gida ka yanka, ruwa ya kusa. Ƙuri'a kuwa kada ka damu, duk gidajenmu naka ne, har na bayan dutse."

Mata suka rangaɗa guɗa. Masu bi suka yi cirko-cirko da littattafan waƙa a hannu. Lidiya ta dafe ƙirji.

Dattijo ya yi tari. Ya sake yi. Wannan karon babu wata muhimmiyar magana da ta biyo baya. Ya dubi taron Maguzawa, ya ga kujerar kansila tana yi masa murmushi. Ya waiwaya ya dubi Fasto da dattawa, ya ga kujerarsa ta gaba a majami'a, mai hannu, wadda ya sa kafinta ya yi masa daban. Bai taɓa sanin mutum na iya son kujeru biyu haka a lokaci guda ba.

"Baba," ya ce da ƙaramar murya, "maganar da na yi a kasuwa, ai magana ce ta falsafa."

"Mi ne ne falsafa?"

"Wato... magana ce wadda ake faɗa. Ba wadda ake yi ba."

Tsohon ya juya kunnensa mai ji. "Ban ji ba, ɗana. Ɗaga murya, jama'a su ji."

Dattijo bai ɗaga ba. Baba Gide ya matso, ya kamo hannunsa, ya fara ɗora masa wuƙar a tafi. Sanyin kuben ya taɓa fatarsa. Nan fa Dattijo ya yi tsalle da baya kamar ya taka garwashi, tabarau ya zame, muryar nan tasa ta bagade ta dawo masa gaba ɗaya.

"A'a! Ba zan karɓa ba! Don ubana ya yi abu sai a ce dole in yi? Iyayenmu mutane ne, sun yi kuskure! Kowa da lamirinsa! Mutum yana da 'yancin ya duba abin da ya tarar, in bai gamsu ba ya bar shi ya kama sabuwar hanya! Ba za a ɗaure mai rai da igiyar matacce ba! Baba, ku buɗe ido, zamani ya canza!"

Kalmar ta fita kafin ya kama ta. Ta tsaya a sararin filin majami'a kowa yana kallonta.

Daga cikin mata aka ji muryar Rakiya, a sarari, da ƙarfi: "Amin!"

Fasto Ɗanliti ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa, kafaɗunsa suna ɗan motsi. Wataƙila addu'a yake yi.

Baba Gide bai yi fushi ba. Ya daɗe yana duban ɗan wansa. Sannan ya mai da wuƙar cikin fata, ya naɗe a hankali, ya ɗaure.

"To," ya ce. "Bin Allahnka ba laihi ba ne, ban taɓa riƙe ka da shi ba. Yaran da sunka tahi ma ban riƙe su ba. Amma su da za su tahi, tahiya sunka yi. Ba su hau tebur sun yi muna wa'azin zama ba. Ashe kai ne ɗan zamani na hwarko da gidanmu ya haihwa, kai ne kuma ka hi kowa zagin shi."

Ya juya. Makaɗa suka rataya gangunansu, ba wanda ya sake bugawa. Ayarin ya kama hanyar rafi shiru. Dattijo ya bi bunsurun da ido, ƙato ne mai sheƙi, har bakinsa ya kuɓuce ya ce in dai an kawo shi ne da sunan zumunci, ba laifi a bar shi. Wanda ke jan igiyar ya waiwayo ya ce bunsurun na mai wuƙa ne.

Kafin kasuwa ta zagayo labari ya kai Yargoje. Maguzawa suka ce mutum mai baki biyu ne. Musulmi suka yi dariya suka ƙara riƙe nasu. Masu bi kuma, waɗanda ya kamata su yaba masa don ya ƙi wuƙa, sai suka tsaya tambayar abin da ya kai shi yi wa tsafi kiran kasuwa tun farko. Matan zumunta ba su tsaya tambaya ba. Lahadin da ta biyo suka shigo da tulunsu da cakinsu, suka ce sun duba abin da suka tarar ba su gamsu ba. Dattijo yana zaune a kujerarsa mai hannu. Waɗanda ke kusa sun ce sun ga ƙafarsa tana bin kiɗan, amma ya ce sauro ne.

Ranar zaɓe Hadi ya lashe. Abin da Dattijo ya samu bai kai yawan mutanen da ke cin tuwo a gidansa ba, abin da ya sa ya daɗe yana duban Lidiya da wani irin ido. Ya shaida wa duk mai saurare cewa sakamakon ya tabbatar da koyarwarsa, zuciyar ɗan'adam karkatacciya ce, ga shi an ƙirga an gani. Sannan, tunda mulki daga Allah yake, shi ne na farko da ya isa gidan Hadi da sassafe, ya cire hula ya durƙusa wa yaron da ya girme wa nesa ba kusa ba, ya kira shi ranka ya daɗe. Ya roƙi alfarma ɗaya, a sa baki a mai da shi aiki wani wuri. Iskar Unguwar Mani, in ji shi, ta daina karɓar jikinsa.

Aka tura shi Sabuwa. Hanyar ba ta da kyau, daji ne, labari ba ya saurin isa. Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya sami wata 'yar ikilisiya a wani ƙauye kusa da gari, mutane masu karamci waɗanda ba su taɓa ganin dattijo mai kwat ba. Cikin 'yan watanni ya zama ginshiƙi. A can ne tarihinsa ya ƙara kyau. Da farko ya ce a gidan masu bi ya tashi. Da ya ga an karɓa, sai mahaifinsa ya zama mai wa'azi. Kafin kaka marigayi Ɗanasabe ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kawo bishara ƙasar Katsina, da ƙafa, cikin ƙaya.

Ranar godiyar kaka aka cika majami'a da dammunan dawa da gero da kabewa. Aka ba babban baƙo bagade. Ya yi magana a kan riƙe bangaskiyar iyaye. Ya zargi matasa. Ya ce shi abin da yake riƙe da shi a nonon uwa ya sha, a gwiwar uba ya koya. "Mahaifina, Ɗanasabe na Unguwar Mani," ya ce, "bai taɓa barin rana ta fito ba tare da ya tsaya a gaban bagade ba. Mutane daga nesa suke zuwa ya yi musu roƙo. Ni ɗansa ne. Abin da ya bari nake ɗauke da shi."

Sai wata tsohuwa ta miƙe daga bencin mata, tana dogara sanda. Sunanta Mero, ba ta daɗe da karɓar baftisma ba, kowa yana ƙaunarta. Fuskarta cike da murna.

"Ɗanasabe na Unguwar Mani? Kai ɗansa ne? Kai, Allah mai iko! Jama'a, gaskiya shike hwaɗi, na san uban nan nashi. Daga nesa ake zuwa, ni ma da ƙahwa na tahi, lokacin ina neman haihuwa." Ta juya ga ikilisiya don kowa ya shaida. "Mutumin kirki. Ban taɓa ganin mai iya yanka baƙin bunsuru kamar shi ba. Kahin ka kyafta ido jini ya wanke jigo, ya kurɓi giya ya hwesa, ya kira iskoki ɗai-ɗai da sunansu, ba ya mance ko guda." Ta sake duban bagade da ƙauna. "Ashe kai ka gaje shi. To ɗana, wuƙar tana wurinka?"

Wata kaza da aka kawo baiko, wato sadakar godiya, ta yi kuka a ƙarƙashin tebur.

Dattijo Tun-Azal ya rufe littafinsa, ya ce a tashi a yi addu'ar rufewa, kuma kowa ya rufe idonsa sosai.